Ramin Ya Tsaya a Bakin Shinge

Lambun Baba a jingine yake da shingen tsohon barikin soja. Waya ce kawai tsakaninsu, ita ma duk ta yi tsatsa, wani wurin har ta kwanta ƙasa. Sojojin sun tashi tun ina goye a bayan Umma. Suka bar dogayen ɗakuna marasa tagogi, da filin da suke ajiye manyan motocinsu, da wani dandamalin siminti inda a da ake zuba wa motocin mai. A ƙarƙashin dandamalin akwai tankuna a binne. Ba wanda ya taɓa ganinsu a cikinmu, amma mun san suna nan, mun kuma san sun huje, domin rijiyar lambunmu ce ke ba mu labari kowace safiya.

Da Baba ya ɗaga murfin rijiyar, wani wari ne ke fara gaishe shi, irin na tsohon risho. A kan ruwan kuma akwai siririn maiƙo mai launi-launi, wanda idan rana ta haske shi har kyau yake yi. Baba yana da dabararsa. Yakan ɗaura buhun algarara a igiya ya zura, ya ja shi a hankali a kan fuskar ruwan, ya fito da shi ya shanya a jikin waya. Sai ya sake da wani buhun. Sannan ya tada injin ban ruwa, ya bar ruwan farko ya bi kwata, daga nan ya juya tiyo cikin latas da karas da albasa. Mu a gida ba ma shan ruwan, Umma ta hana tun da daɗewa, a famfon bakin titi muke ɗebowa. Amma lambun da ruwan nan yake rayuwa, mu kuma da lambun muke rayuwa. Kuɗin makarantata, da maganin ƙafar Umma, da tabarau ɗin da nake sawa, duk daga cikin latas suka fito.

Ba a maganar warin a gidanmu. In baƙo ya shigo lambu ya fara jan hanci, sai Umma ta ce injin ne ke yoyo. Shukar da ke kusa da shinge takan yi ɗorawa, ganyen ya nannaɗe kamar an gasa shi, sai Baba ya riƙa kawo sabuwar ƙasa da baro daga wani fili can bayan unguwa, yana tulawa a kai, yana haɗawa da taki. Akwai wani fangali guda kusa da ƙofar lambu wanda ƙasarsa gaba ɗaya baƙuwa ce, babu ko ɗigon tamu a ciki. Shi ne abin alfaharinsa. Latas ɗin wurin har sheƙi yake yi.

Wata rana da safe aka kafa allo a ƙofar bariki, aka shigo da katafila da tifa-tifa da wani dogon akwatin ƙarfe da aka mayar ofis. Aka ce wani kamfani ne aka ba aikin kwashe ƙasar da mai ya ɓata. Yayana, wanda ya daɗe yana zaman jiran aiki, ya samu leburanci a wurin. Ya dawo gida da hular kwano da takalman roba, yana taku ɗai-ɗai a tsakar gida, ya ce daga yau in zan yi masa magana sai in fara da ranka ya daɗe. Na ce to, ranka ya daɗe, hular a juye take. Ya ce Malama Tabarau ba ta san komai ba sai littafi, amma da ya shiga ɗaki na ga ya gyara ta.

Shi ya kawo labarin cewa kafin a fara tono, wata ma'aikaciyar kamfanin za ta bi gidajen da ke jikin shinge tana ɗibar ruwan rijiya da ƙasa, a kai a gwada. Har ranar da za ta zo gidanmu an faɗa masa.

Da yamma Gwaggo ta zo. Ƙanwar Baba ce, tana da tebur a kasuwa, ita ke sayar da kusan duk abin da lambun ya bayar. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce ta ji daga bakin da ba ya ƙarya cewa duk gidan da aka samu mai a ƙasarsa za a sa masa jan fenti, a tashi mutanen gidan, a zagaye wurin da waya. Ta ce ko ba a tashe mu ba, da zarar maganar ta shiga kasuwa ba mai sake taɓa latas ɗinmu ko da sanda. Umma ta tambaye ta bakin wa ne wannan da ba ya ƙarya, ta ce na wata ce da mijinta ke gadi a wani ofis. Yaya ya ce shi dai bai ji haka a wurin aiki ba, amma kuma bai ji akasin haka ba, tunda shi shebur aka ba shi, ba kujera ba.

Sai Baba ya sa baki. Ya ce shi ba ɓoye-ɓoye zai yi ba, amma baƙuwa ba za ta zo ta tarar da rijiyarsa da ƙazanta ba. Ai ko ɗaki ne akan share kafin baƙo ya shigo. Har yau ban san wanne ya fi yawa a cikin maganar nan ba, kunya ko tsoro. Ina jin shi ma bai sani ba.

Saura kwana ɗaya ma'aikaciyar ta zo muka yashe rijiyar. Injin ya yi ta ja har sai da ya fara shaƙar iska. Aka ɗaura wa Yaya igiya a ƙugu ya sauka da buroshi da garin sabulu, ya goge bangon tun daga ƙasa, yana turo mana bokitan baƙin laka, ni da Umma muna karɓa muna kaiwa can bayan gida. Muryarsa tana fitowa daga ciki kamar daga cikin tulu. Da farko yana ta ba'a, wai kada kowa ya ƙyasta ashana a sama in dai ana son a sake ganinsa. Daga baya ya yi shiru. Da Baba ya jawo shi, idanunsa sun yi ja, ya dafa bangon rijiyar ya yi ta amai. Umma ta ce ya isa haka. Baba ya zuba sabon yashi da tsakuwa a ƙasan, ya tattara buhunan da ke shanye a waya ya cinna musu wuta. Yadda suka kama da wuri ya ba ni tsoro.

Washegari tun da sassafe Baba ya sake jan ruwan da ya taru, ya zubar, ya bar sabo ya tsatso. Da na leƙa, fuskata na gani tas, babu launi ko ɗaya.

Ma'aikaciyar ta zo da hantsi, tana riƙe da kula cike da ƙananan kwalabe. Siririyar mace ce, rana ta ƙona mata fuska, takalman robarta sun yi mata yawa. A lokacin ba a sa mata suna ba, daga baya ne unguwa ta riƙa ce mata Mai Tuta. Ta gaida Baba har da rusunawa, ta yaba lambun, ta ce mahaifinta ma yakan taɓa 'yar shuka a bayan gida amma tasa ba ta kama ƙafar wannan ba. Ta zura wata kwalba da zare ta ɗebo ruwan, ta ɗaga shi a rana, ta kai hanci.

"Baba, ruwan nan yakan yi wari wani lokaci?"

"Wari kuma? 'Yata, da rijiyar nan na raini yaran nan. Dubi wannan ƙaton."

Yaya ya ce, "Shi ya sa ba a tura ni kamar tsohuwar mota kafin in tashi, bugu ɗaya nake kamawa."

Ta yi dariya. Umma ta yi masa wani kallo wanda ya sa ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Daga nan ta ɗauko wani ƙarfe mai murɗi wanda ake juyawa ya nitse cikin ƙasa, ta nufi wajen shinge. Baba ya sha gabanta cikin ladabi, ya ce dashe ne sabo a wurin, saiwar ba ta kama ba, ko taku ba ta so. Ya ce ga wuri nan kusa da ƙofa, ta haƙa yadda take so. Ta tsaya tana kallon shingen, ta dubi agogonta, ta dubi sauran gidajen da ke jiranta. Ni ina tsaye da kwalaben da ta ba ni in riƙe mata. Sai ta bi shi. Ta ɗebi baƙar ƙasa mai ƙamshin taki daga fangalin da ya fi so, ta rufe kwalabenta, ta yi godiya. Umma ta ƙulle mata latas, ita kuwa ta ce dokar aiki ta hana ta karɓa.

Bayan 'yan makonni Yaya ya shigo da gudu ya ce sakamako ya fito, gidanmu lafiya lau. An ɗan ga alama a ruwan, amma ba ta kai yadda za a damu ba. Gwaggo ta zo ta zauna a tsakiyar tabarma tana karɓar godiya, ta ce da ba don ita ba da yanzu muna kwana a tasha. A duk layinmu gida ɗaya ne aka ce an samu mai, gidan Tela, wanda matarsa da kanta ta ja Mai Tuta ta nuna mata inda ya fi wari. Mutane suka yi ta zuwa yi masa jaje. Gwaggo ta ce ya fara neman mai kura da zai ɗaukar masa keken ɗinki.

Aka fara tono daga dandamalin siminti. Ranar da aka ciro tankunan duk unguwa ta fito kallo, manya-manya ne, cikinsu ya huje kamar rariya. Daga nan ramin ya fara faɗaɗa. Idan na dawo makaranta nakan tsaya a bakin waya in ga yadda suke yi. Katafila ta yanki ƙasa ta zuba a tifa, sai ta dakata. Mai Tuta ta sauka, ta kankaro ƙasa daga bangon ramin ta zuba a farar leda, ta ƙulle, ta ajiye a kan mota rana ta dake ta. In ledar ta yi gumi sai ta huda ta da bakin wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa. Idan na'urar ta yi shiru, ta kafa farar tuta, a nan tono ya tsaya. Idan ta yi kuka, ta kafa ja, katafila ta ƙara cizo. Yaya ya ce na'urar nan ta fi Gwaggo hanci, bambancinsu ita ba ta ƙari.

Ƙasar da aka kwashe can ƙarshen bariki ake kai ta, a yi mata dogayen kunyoyi, a haɗa da taki da dusar katako, a riƙa ba ta ruwa ana juyawa. Wai akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke cinye man a hankali. Da Yaya ya yi wa Baba wannan bayani, Baba ya ce ashe su ma lambu suke yi. Ya je ya leƙa ta waya, ya dawo ya ce ruwan ya yi musu yawa, ƙasa ba ta son a shaƙe ta. A kwanakin nan yana cikin walwala.

Ta gabas da arewa fararen tutoci suka tsaya da wuri. Ta wajenmu kuwa ja ne kullum. Yau suna nan, gobe sun matso. Baba ya daina zuwa bakin waya, amma na lura duk inda yake a lambu fuskarsa tana can.

Sai aka zo kan gidan Tela. Muna jiran mu ga jan fenti, sai muka ga an kwance shingen da ke bayansa, katafila ta shiga har tsakar gida. Aka kwashe ƙasar wurin, zurfin ya wuce tsayin mutum, aka kawo sabuwa ja mai kyau aka cike. Aka toshe rijiyarsa da siminti, aka jawo masa bututu daga babban layi aka kafa masa famfo a ƙofar kicin. Ba wanda ya ce masa ya tashi. 'Yan kwanakin da aka yi ana aikin ma a gidan surukansa ya zauna, ya dawo ya yi ƙiba. Kullum in ka wuce sai ka gan shi a bakin famfon yana wanke ƙafar da ba ta yi datti ba.

Baba ya je ya yi masa murna. Da ya dawo Umma ta ajiye masa abinci, har ya huce bai buɗe ba.

Ranar da Gwaggo ta zo ɗaukar kaya suka yi da Umma, irin faɗan da ake yi ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Umma ta ce ta je ta tambayi matar mai gadi ko tana da wani labarin. Gwaggo ta ce ita abin da ta ji ta faɗa, kuma ba ita ta shiga rijiya da buroshi ba. Yaya ya ce in buroshi ake nema ga shi nan, amma shi ma tura shi aka yi. Baba yana zaune a kan turmi yana gyaran bakin tiyo, bai ɗaga kai ba.

Ramin ya iso shinge a farkon damina. Daga cikin lambu in ka leƙa, kana ganin gefen ƙasarmu a yanke kamar an yanka burodi. A sama baƙar ƙasar da Baba ya yi shekaru yana turowa da baro, kaurinta bai fi kamu biyu ba. Ƙarƙashinta ja. Can ƙasa kuma wani faffaɗan layi toka-toka, yana tsatsar da wani abu mai maiƙo yana gangarawa cikin ramin. Layin bai ƙare a shinge ba. Ya shige ƙarƙashin karas ɗinmu ya yi gaba. Mai Tuta ta jera jajayen tutoci tun daga wannan kusurwar lambun har waccan, ta tsaya ta daɗe tana kallon fangalin da aka hana ta taɓawa.

Washegari Baba ya ja buhu a rijiya kamar kullum, amma bai shanya ba. Ya sa shi a bokiti, ya sa rigarsa ta fita, ya ce Yaya ya raka shi ofis. Yaya ya ce in aka gan shi a ciki aikinsa na iya tafiya. Umma ta ce in bi shi, tunda ko karyawa bai yi ba.

Ofishin akwai zafi, fanka ɗaya tana juya iskar da ba ta zuwa ko'ina. A bango an manna taswirar bariki, an zagaye wani yanki da jan layi. Na gane gidan Tela, domin a nan layin ya yi ƙusumbi ya fita waje. A wajenmu kuwa ya bi shinge ya miƙe sak. Baba ya zauna a bakin kujerar roba, ya ajiye bokitin a gaban Mai Tuta ya buɗe. Kafin ya yi magana warin ya cika ɗakin. Ya gaya mata komai, buhunan, da yasar rijiya, da sabulu, da ƙasar fangalin bakin ƙofa. Bai rage ba, bai kuma ambaci sunan Gwaggo ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"An ce za a tashe mu."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Ta cire hularta ta ajiye a tebur. Ta ce laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Bai kamata a faɗi ranar zuwanta ba, kuma bai kamata ta yarda a zaɓa mata wurin haƙa ba, ta san haka tun a makaranta, gajiya ce da ganin girmansa suka sa ta bi shi. Ta ce da abin da ta ɗiba aka ja layin nan, aka aika wa waɗanda suka ba da aikin, suka sa hannu, kuma su ba su taɓa taka unguwar ba. Abin da ke cikin layi shi aka ba kamfani. Motocin ma an riga an yi alkawarinsu a wani wurin.

Baba ya ce, "Katafilar nan, daga inda take tsaye, in ta miƙa hannu ai ya kai lambuna."

"Ya kai."

"To?"

"Ba a ba ta izini ba."

Ya ce in wayar ce matsala, shi da ɗansa za su kwance ta kafin azahar. Ta ce ba wayar ba ce. Ta ce za ta rubuta, za ta faɗi abin da ta gani a bangon ramin, ta roƙi a sake gwaji. Ya tambaye ta ko akan amsa irin wannan. Ta ce wani lokaci. Yadda ta faɗi kalmar ya sa na sunkuyar da kai.

Sai da muka kusa gida Baba ya ce in koma in ɗauko bokitin, kada a ce mun bar musu shara.

Yaya ya gwada tasa. Ya samu direban katafila a wurin cin abinci, ya roƙe shi ya ɗan yi kuskure ya zarce, ko cizo uku ne. Direban ya ce yana da 'ya'ya, kuma ko ya zarce wa zai kawo ƙasar cikewa? Cizo uku ma me zai yi wa abin da ya shige har ƙarƙashin ɗakin kwananku?

Kafin a cike ramin sai aka kawo wata baƙar leda mai kauri, faɗinta ya fi ɗaki, aka shimfiɗa ta a jikin bangon da ke wajenmu tun daga sama har ƙasa. Yaya yana cikin masu riƙe ta. Yana aiki fuskarsa na kallon lambun, Baba kuma yana tsugune yana cire ciyawa, tsakaninsu bai fi a miƙa wa juna ruwa ba, ba wanda ya dubi wani. Da ya dawo na tambaye shi amfanin ledar. Ya ce don kada man da ke wajenmu ya koma ya ɓata sabuwar ƙasar bariki. Umma ta ce wato yanzu mu ne masu dattin. Ya ce haka takardar ta nuna.

Aka cike, aka daddaɓe, aka watsa irin ciyawa. Da ruwan sama ya zauna, barikin ya yi kore shar, har yara suka fara buga ƙwallo a wurin. Rijiyarmu kuwa ta cika ta taso, ta taso da abin da ke ƙasa. Buhu biyu ba sa isa, uku ma ba sa isa. Warin ya daina jiran a ɗaga murfi, har cikin ɗaki yake biyo mu, ya kama labule da kayan makarantata. Wata 'yar ajinmu ta tambaye ni ko a gidan mai muke kwana.

Ana gobe za su kwashe ofis Mai Tuta ta zo da la'asar, ba kula, ba kwalabe, sai ƙarfenta da na'urar. Wannan karon ba wanda ya sha gabanta. Ta haƙa a bakin shinge, ta haƙa a tsakiya, ta haƙa kusa da rijiya. Ko'ina in ƙarfen ya nitse sai ya fito da toka-toka. Ba ta ma jira ledar ta yi gumi ba na'urar ta fara kuka. Ta kashe ta.

Ta ce ba a matsayin kamfani ta zo ba, don haka ba ta da ikon hana shi komai. Amma in mahaifinta ne, za ta ce kada ya ci abin da aka ba wannan ruwan, kada kuma ya sayar.

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Baba. Na rubuta, ba a amsa ba. Zan sake."

"To me zan shuka?"

Ta yi tunani ta ce ko furanni, ko itatuwan da ba a cin 'ya'yansu. Baba ya yi 'yar dariya, ya ce a unguwar nan abin da ba a ci ba a saye. Ya raka ta har ƙofa, ya sa mata albarka, ya ce ta gaida mahaifinta.

Da safe Gwaggo ta zo da kwandunanta. Latas ya kai, karas ya kai, lambun bai taɓa cika irin na bana ba. Da ta ji abin da ake ciki ta ajiye kwando ta ce wannan zancen banza ne. Shekara nawa mutane suna ci, wa ya mutu? A wanke da ruwan famfo, wa zai sani? Ta ce yana da 'ya a makaranta, yana da mata mai ciwon ƙafa, ɗansa kuma daga yau ba shi da aiki. Ta ce ita ma teburinta da lambun nan yake tsaye. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ya katse ta.

Baba ya ce, "A da ina iya cewa ban tabbata ba."

 Gwaggo ta kwashi kwandunanta ta fita, a bakin ƙofa ta juyo ta ce in yunwa ta zo kada a neme ta. Na san za ta zo ko ba a neme ta ba, amma ranar nan tana kuka ta tafi.

Muka tuge lambun mu huɗu. Latas yana fita da sauƙi, karas ne ke gardama. Umma ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana tarawa, tana kakkaɓe ƙasar jikinsu a hankali kamar kasuwa za su. Baba ya ce ba za a zubar a bola ba, awakin mutane za su ci, yara ma za su tsinta. Sai dai a binne. Ya zaɓi wuri can nesa da shinge, kusa da bangon gida, inda Mai Tuta ba ta haƙa ba, ya ba Yaya diga.

Ramin bai kai gwiwa ba Yaya ya tsaya. Ya ɗebo ƙasar a bakin shebur ya miƙo sama. Daga inda nake tsaye na ji warin. Baba ya duba, ya dubi bangon ɗakinmu da ke dab da wurin, ya ce ya ci gaba, ba zurfi ake so ba, faɗi ake so.

Muka yi ta kwasowa muna zubawa har ramin ya cika ya yi tozo. Yaya ya mayar da ƙasa, Baba ya hau yana tattakawa da ƙafa. Da ya gama ya kwance tiyo ya naɗe, ya ce Yaya ya ɗora injin a baro ya kai wa makanike, ya tambaya ko akwai mai so. Yaya ya ce a bari sai gobe, ko za a ji wani abu daga wajen matar nan. Baba ya ce yau.

Na riƙe wa Yaya ƙofar lambu ya fita da baron, ƙafar tana ƙara saboda nauyi. Umma ta riga ta shige gida. Baba ya tsaya a tsakiyar fili yana duba tafin hannunsa, sannan ya zo ya wuce ni. Na tambaye shi ko in sa kwaɗo.

Ya ce, "Bar shi a buɗe, Auta. Me za a ɗauka?"